Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Asalin Gidansa

Ko wane ɗan ƙasar Katsina ya san sarautar garin yau a gidan Sulluɓawa ta ke, amma ba kowa ya san yadda aka yi ta shiga gidan ba, balle ya san inda su Sulluɓawan suka fito. Daga 1906 zuwa yanzu mutum huɗu ke nan suka zauna Gidan Korau daga tsatso ɗaya, watau Muhammadu Dikko, da ɗansa Usman Nagogo, da jikansa Muhammadu Kabir, da tattaɓa-kunnensa Abdulmumini. Mun ga ya kamata mu ba masu karatu labarin na farkonsu, musamman ɗalibanmu da suka fito daga kudancin ƙasar, wajen Funtuwa da Malumfashi da Bakori, domin babu inda zamaninsa ya sāke wa kama kamar can.

Sulluɓawa dai wata kabila ce daga cikin kabilun Filani, kuma asalinsu daga yamma ya ke, wajen ƙasashen Malle da Futa. Masana tarihi sun nuna cewa a can farko suna da dangantaka da Wangarawa, watau mutanen Malle masu fatauci da malanta, sa'an nan zama tare da auratayya suka haɗa su da Toronkawa da sauran Filani, har harshe ya zama ɗaya, al'ada ta zama ɗaya. Ba rana ɗaya suka shigo ƙasar Hausa ba. Zango zango suka yi ta tahowa da shanunsu da littattafansu, waɗansu suka tsaya bakin gulbin Rima da na Sakkwato, waɗansu suka wuce ƙasar Katsina, waɗansu Kano, waɗansu Zazzau. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗaga tutar jihadi a 1804, ko ina sai ga Sulluɓawa cikin sahun gaba. A Kano Malam Jamo ne shugabansu, ƙanensa kuwa Ibrahim Dabo shi ya zama Sarkin Kano a 1819, zuriyarsa ce ke sarauta can har yau. A Zazzau suna cikin gidajen sarauta huɗu, ko da ya ke sau ɗaya tak suka hau, da Sarki Abdussalami.

A Katsina fa al'amarin ya bi wata hanya dabam. Malamai uku suka riƙe tuta, su ne Malam Umarun Dallaji, da Malam Muhammadu Na Alhaji, da Malam Umarun Dumyawa, shi na ukun nan shi ne babban Sulluɓawa. Da aka ci birni wajen 1807, aka kori Sarkin Katsina na Haɓe Magajin Halidu ya mutu a Ɗankama, sai sarautar birni ta tabbata ga Umarun Dallaji. Umarun Dumyawa ya zauna Zandam yana tsaron arewa, gidansa ne ke riƙe da sarautar Sarkin Sulluɓawa, zuriyar Na Alhaji kuwa suka sami 'Yanɗaka. Kudu aka bar wa Galadima na gidan Danejawa da Sarkin Maska da sauran manyan da suka taimaka. Saboda haka shekara ɗari daidai Sulluɓawan Katsina suna manyan bayin sarki ta fuskar biyayya, suna da ƙasa da dawaki da tambura, amma ba a lissafa su cikin masu neman gadon sarauta. Dallazawa takwas suka yi sarauta a jere: Umarun Dallaji, Siddiƙu, Muhammadu Bello, Ahmadu Rufa'i, Ibrahim, Musa, Abubakar, Yero. Ko sa'ad da Sarkin Musulmi ya tuɓe Siddiƙu a 1844, ɗan'uwansa aka naɗa, ba a fita gidan ba.

Dikko ɗan Gidado ne, Gidado ɗan Dahiru. Reshensu na Sulluɓawa ba shi ne ke riƙe da sarautar Sarkin Sulluɓawa ba, abin da ya shigo hannunsu shi ne sarautar Durɓi. Wannan sarauta kuwa ta girmi ta Korau kanta. Mutanen da suka fara mulkin ƙasar su ne Durɓawa, mazauninsu Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani, inda kusheyin sarakunansu ke nan tuli tuli har yanzu. Labarin gargajiya ya nuna Korau ya kashe Sanau, na ƙarshensu, ya kafa sabuwar sarauta, amma bai shafe sunan Durɓi ba, aka bar shi cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka. Filani ma da suka zo ba su taɓa wannan tsari ba, sai dai suka sa mutanensu. To, a gidan Durɓi Gidado aka haifi Dikko wajen 1865, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Watau an haife shi a gidan da a ke naɗa sarki, ba gidan da a ke zama sarki ba.

Zamanin ƙuruciyarsa zamanin tsoro ne. Haɓen da aka kora sun kafa Maraɗi, suna kiran sarkinsu Sarkin Katsina, ba su kuwa taɓa fid da rai ga komawa birninsu ba. A zamanin Ɗan Baskore mayaƙan Maraɗi su kan bi ta dajin Ruma su faɗa wa garuruwan yamma da kudu, su kwashi mutane da dabbobi, wani lokaci har su taɓa iyakar Zazzau. Manomi a wancan lokaci ba ya nisa da ganuwa, in ya fita gona da kwari da baka ya ke fita. Ƙasar kudu, wadda ta fi ko ina ruwan sama da laka mai kyau, rabinta kurmi ne da babu mai iya sārewa. Cikin wannan hali Dikko ya yi karatun allo, ya koyi hawa da riƙon māshi, ya fita yaƙi tun yana saurayi. Wajen 1887, bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, aka naɗa shi Durɓi, ya yi kusan shekara ashirin yana riƙe da ita a ƙarƙashin Sarki Abubakar. Ya ga yaƙin basasar Kano, sa'ad da Tukur ya gudo ƙasar Katsina aka bi shi aka ci shi a Tafashiya a 1895, ya kuma ga yadda gāba tsakanin 'yan gida ɗaya kan jawo wa talakawa wahala.

Sai ga Turawa. Kano ta fāɗi cikin watan Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, kafin watan ya ƙare Gwamna Lugga ya iso ƙofar Katsina. Sarki Abubakar da manyansa suka yi shawara, suka ga abin da ya sami waɗanda suka fi su yawan dawaki, suka fita suka tarye shi, ba a harba ko bindiga ɗaya ba. Turawa suka bar soja kaɗan a garin. Sojan nan kuwa suna bukatar hatsi da ciyawa da itace da masu gini, sai aka ɗora wa Durɓi wannan ɗawainiya. Aiki ne da manya da yawa suka ɗauka ƙasƙanci ne, ga shi kuwa shi ne ya zama tsāninsa. Kullum yana tare da Turawan nan, ya gane abin da su ke so da abin da su ke tsoro, ya gane kuma ba baƙin kwana biyu ba ne. Su kuma suka ga mutum ne wanda in ya ce za a kawo abu gobe, goben za a kawo shi.

Fada kuwa ba ta gane haka ba. Sarki Abubakar da fadawansa suka riƙa jan ƙafa, suna sa ran abin zai wuce. Kafin shekara biyu ta cika Turawa suka zarge shi da sa hannu wajen ɓata rijiyar da su ke sha, suka tuɓe shi, aka kai shi Ilori. Aka naɗa Yero ɗan Sarki Musa, shi ma Badallaje. A lokacin nan ne wani saurayin Bature, Mista Palmer, ya ke riƙe da Katsina, shi da Yero kuwa jininsu bai haɗu ba ko kaɗan. Cikin Fabrairu 1906 aka yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato, aka kashe Turawa uku, hankalin Gwamnati ya tashi, ta shiga duban ko wane sarki da idon zargi. Palmer ya rubuta cewa Yero ba abin amincewa ba ne, aka tuɓe shi aka fitar da shi daga ƙasar. Cikin Nuwamba 1906 aka ba Durɓi Dikko riƙo, cikin Janairu 1907 aka tabbatar masa da sarauta, aka miƙa masa Gajere, takobin Korau.

A nan ya kamata mu tsaya mu faɗi gaskiya, domin ɗalibi ba ya amfana da tarihin da aka shafa wa mai. Bisa al'adar ƙasar, Dikko ba shi da hakkin gādo. Ba Sarkin Musulmi ya zaɓe shi ba, ba kuwa masu zaɓe ne suka fara kawo sunansa ba, ƙarfin Turawa ne da ra'ayin Palmer. Dallazawa sun ɗauki abin ƙwace, mutanen birni da yawa suka bi bayansu, shekarunsa na farko bai ji daɗinsu ba, zuriyar Ummarun Dallaji kuwa ba su mance ba. Wanda ya ce an zalunce su bai yi ƙarya ba. Amma kuma a ganinmu wanda ya tsaya nan bai gama karatu ba. Turawa sun naɗa sarakuna da yawa a wancan zamani waɗanda ba su daɗe ba aka tuɓe su, ko suka mutu sunansu ya mutu tare da su. Abin tambaya shi ne, me ya sa wannan ya yi shekara 37 bisa gado, ya bar gida wanda ya wuce Turawan da suka kafa shi, ya wuce mulkin soja da na farar hula? Amsar tana cikin aikin da ya yi.

Farkon abin da suka tsara shi da Palmer shi ne Baitulmali. A dā abin da aka tara na kuɗin ƙasa da jangali da zakka hannu hannu ya ke bi, jakada ya ɗiba, hakimi ya ɗiba, abin da ya saura ya isa fada, sarki ya raba yadda ya ga dama. Sabon tsari shi ne a ƙidaya mutane, a yanka haraji, a tara wuri ɗaya a rubuta, Gwamnati ta ɗauki rabonta, saura ya zauna a Baitulmali, sarki da alkali da hakimi da dogari kowa a yanka masa albashi, abin da ya rage a yi aikin gari da shi. Sarki ya yarda a yanka masa albashi kamar ma'aikaci, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya tashi ya ga dukiyar ƙasa duk ta sarki ce. A Katsina aka fara gwada wannan, da aka ga ya yi kyau aka baza shi sauran ƙasashen Arewa wajen 1911, shi ne tushen abin da aka sani da En'e. A 1907 kuma ya ba Palmer hannu aka tona waɗansu daga kusheyin Durɓi ta Kusheyi, ƙasar da ya riƙe kafin ya hau.

Na biyu shi ne fitar da hakimai. Manyan masu sarauta a dā birni su ke zaune kusa da sarki, garuruwansu a warwatse, wani gabas wani yamma, jakadu ke zuwa karɓo musu. Aka tattara garuruwa aka yi gunduma gunduma, aka ce ko wane hakimi ya zauna cikin tasa. Da haka Malumfashi ta tabbata mazaunin Galadima, Mani ta Durɓi, Kaita ta Sarkin Sulluɓawa, Ƙanƙara ta Sarkin Pauwa. Sarkin Maska kuwa a zamanin nan ne ya bar tsohon garin Maska ya komo Funtuwa, domin nan hanya ta bi. Maska tsohuwar alkarya ce, ta yi suna wajen sāƙa da rini tun kafin jihadi, Funtuwa kuwa a lokacin ba ta wuce ƙauye a gindin duwatsu ba. Yau wanda ya tsaya tashar Funtuwa ya tambayi hanyar Maska, sai ya sami yaran da ba su taɓa zuwa ba, alhali sunan sarautar hakiminsu ke nan.

Abin da ya fi kome sāke kudancin Katsina shi ne ƙarewar hari. Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya a 1904 da 1906, aka ja iyaka, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina hannun Ingila, dawakin da suka shekara ɗari suna ratsa dajin Ruma suka tsaya. Nan da nan mutane suka fara fita daga ganuwa suna sāran daji. Maguzawan ƙasar Malumfashi, waɗanda tun dā ba a fi su noma ba, suka faɗaɗa gonakinsu. Bayi kuma suka sami hanya, domin doka ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, aka hana saye da sayarwa, aka buɗe wa bawa ƙofar fansar kansa gaban alkali, ko da ya ke ba a kashe bauta ɗungum ba sai 1936. Da yawa suka bar rumadan iyayengijinsu suka kafa nasu ƙauyuka. Sa'an nan yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a ke kira Kakalaba, ta koro mutanen arewa, daga Daura da Kazaure da Damagaram da arewacin Katsina kanta, suka gangaro inda damina ba ta cika yaudara ba. In ka bincika asalin unguwanni da yawa tsakanin Bakori da Ɗanja da Faskari, za ka tarar kakanninsu a shekarun nan suka zo. Sarki da hakimansa suka karɓe su, aka ba su daji, aka naɗa musu masu unguwa, domin ko wane sabon magidanci ƙarin haraji ne.

Daga nan sai auduga. Ba Turawa suka kawo ta ba, tun dā ƙasar Maska da Gozaki na noma ta, fatake na ɗauka a jakuna su kai wa masāƙan Kano. Abin da Turawa suka so shi ne su juya ta ta nufi masāƙun Lankasha. A 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA a Manchesta domin wannan, ta kafa injin gurza a Zariya, aka kuma kawo wani iri na Amurka mai dogon zare, wanda a ke kira Allen, wajen 1912. Da fari abin bai yi musu daɗi ba, gama masāƙin Kano ya kan saya da tsada fiye da Bature, manomi kuwa ba wawa ba ne. Sai Gwamnati ta bi ta hannun sarakuna. Dikko na cikin waɗanda suka riƙe abin da gaske. Aka riƙa raba iri kyauta ta hannun hakimai da dagatai, aka kafa kasuwannin auduga inda malamin gona zai duba ya ba ta lamba kafin a auna, aka hana cakuɗa sabon iri da tsohon. Cikin shekarun 1920 aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka kafa injunan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Hanyar jirgi ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Aka gyara hanyar mota daga Funtuwa ta Bakori da Malumfashi zuwa Yashe, ta haɗu da ta Kano zuwa Katsina. A ƙarshen shekarun nan ne kuma aka fara koya wa manoma huɗa da garmar shanu, En'e na ba da bashin bijimai da garma, a biya a hankali. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna a Funtuwa, Yarabawa da Ibo da Nufawa suka zo aikin reluwe da ciniki, ƙauyen nan na gindin dutse ya zama gari na biyu a ƙasar Katsina.

Kada mai karatu ya zaci duk wannan alheri ne zalla. Haraji da kuɗin Bature a ke biya, ba da wuri ko dawa ba, saboda haka ko manomi ya so ko ya ƙi sai ya shuka abin da kanti ke saye. Hanyar jirgi da ta mota ba da injuna aka yi su ba, da kwando da diga aka yi, dagatai ke tara mutane ko suna so ko ba sa so, wani lokaci ana tsakiyar aikin gona. Da kasuwar duniya ta fāɗi a 1929 kuɗin auduga ya zube, haraji kuwa bai sauka daidai da shi ba, ga fāra ta zo ta ƙara. Masāƙa da marina na Maska da makwabtanta suka yi ta ja da baya, domin audugar ta tafi Ingila ta komo akōko. Duk wannan da sunan Sarki aka yi shi, da dogaransa. Dikko mutum ne mai tsanani, ba ya son a ce masa ba a iya ba, hakimin da ya yi sakaci kuwa ya san sauran. Tsofaffin kudu sun gāji labarin zamaninsa iri biyu, na tsaro da arziki, da na aikin tilas, dukansu kuwa gaskiya ne.

Wajen ilmi ba mu da abin cewa sai godiya, mu da muka ci gajiyarsa. Sarakuna da yawa sun tsorata da makarantar boko, suka riƙa aika 'ya'yan bayi maimakon nasu. Dikko ya sa nasa. Da Gwamnati ta nemi inda za ta kafa makarantar horon malamai ta dukan Arewa, Katsina aka zaɓa, saboda tsohon sunanta na garin malamai, da kuma sanin cewa sarkinta zai riƙe abin. Aka ɗauki ɗalibai a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina ranar 5 ga Maris 1922. Ginin ƙasa ne irin namu, yana nan har yanzu an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Daga cikinsa Ahmadu Bello ya fito, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Abubakar Imam, da mafi yawan waɗanda suka karɓi mulkin Arewa daga hannun Turawa. A 1938 aka mai da ita Kaduna, a 1949 Zariya, ita ce Kwalejin Barewa. Abin da ya fi wannan wuya shi ne karatun mata, amma wajen 1930 ya yarda aka buɗe wa 'yan mata makaranta a Katsina, ita da ta Kano su ne na farko a ƙasashen sarakunan Arewa, ya kuwa fara da 'ya'yan gidansa domin bakin mutane ya mutu. Ya sa aka gyara hasumiyar Gobarau da ta soma zubewa, aka gina sabon masallacin Jumma'a da asibiti. A 1934 aka cire Katsina daga Lardin Zariya, ita da Daura suka zama lardi mai zaman kansa.

A 1921 ya tafi hajji yana bisa gado. A dā mai niyyar Makka ta ƙasa ya ke bi, ta Barno da Wadai da Darfur, shekaru a hanya, ya kan yi sallama da iyali sallamar mutuwa. Dikko ya gangara Ikko ya shiga jirgin ruwa, ya sauka Ingila, ya gana da Sarki Joji na Biyar a Landan, aka ba shi lambar girma, kana ya wuce Jidda, lokacin Sharif Husaini ke mulkin Hijaz. Ya sauke farali ya komo cikin 'yan watanni, ɗansa Usman Nagogo na cikin 'yan rakiya. Ya koma Ingila a 1924 lokacin babban nunin kayan ƙasashe a Wembili, ya sāke zuwa a 1933, a tafiyar da ya yi hajji na biyu, sa'an nan Hijaz ta riga ta koma hannun Sarki Abdul'azizu ɗan Sa'ud. Daga baya aka ƙara masa lambar C.B.E. Ba yawon buɗe ido kaɗai ya ke yi ba, gonaki da masāƙu da wuraren kiwon dawaki ya ke nema a kai shi, in ya komo ya gwada abin da ya gani.

Doki kuwa shi ne abin sonsa tun yana Durɓi har ya tsufa. Da yaƙi ya ƙare, sai ya ga 'ya'yan sarakuna za su lalace da zama, ga dawaki a turke ba aikin yi. Ya ga Turawan soja na wasan folo, ya sa aka share fili a Katsina, ya sa 'ya'yansa da fadawansa suka koya, ba a daɗe ba suka riƙa cin Turawan da suka koya musu. Nagogo ya zama gwanin da ba a yi kamarsa ba a Nijeriya a zamaninsa, sunan Katsina kuwa ya manne da wasan nan da sukuwa.

Ta wajen gida ma bai yi barci ba. Ya san wanda ya shigo ta ƙofar da ya shigo, in bai kafa 'ya'yansa ba, ranar da ya kau sarauta za ta koma inda ta fito. Saboda haka a hankali ya riƙa sa 'ya'yansa da 'yan'uwansa a gundumomi da ofisoshin En'e, ya bar tsofaffin gidaje irin na Galadima da Sarkin Maska a wurarensu, ya jawo su jiki. Nagogo ya yi makaranta, ya riƙe 'yan doka a 1929, ya zama Magajin Gari a 1937, watau an nuna wa kowa inda aka dosa tun Sarki na da rai. Dikko ya rasu a 1944 yana da shekara wajen 79, Allah ya jiƙansa. Masu zaɓe suka kawo sunan Usman Nagogo, Gwamnati ta tabbatar, ya yi sarauta har 1981. Muhammadu Kabir ya gāje shi har 2008, sa'an nan Abdulmumini. Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, ya kuma san Sarkin ido da ido, ya rubuta tarihinsa da Hausa, aka buga a Zariya a 1951.